Sayen Kyamara Don Aikin Ƙungiya: Yadda Za Mu Zaɓi Mai Araha, Mai Amfani

Akwai wata tambaya da take yawan fitowa daga ƙungiyoyin gama kai na Tudun Wada da ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. Tambayar ita ce: "Muna so mu sayi abin ɗaukar hoto domin aikin ƙungiya, amma kuɗinmu kaɗan ne. Wace iri za mu saya?"

Tambayar tana da nauyi, gama kuɗin da ke hannun ma'aji gumin mutane ne. Wani kaza ya sayar kafin ya biya nasa kason, wata kuwa ribar ƙuli-ƙuli ta kawo. Idan aka sayi abin da ya mutu bayan wata uku, ba kuɗi kaɗai aka yi hasara ba, har da yardar da ke tsakanin 'yan ƙungiya. Saboda haka bari mu bi maganar daki-daki.

ME YA HAƊA MANOMI DA KYAMARA?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ga ayyuka huɗu da hoto zai yi wa ƙungiya.

Na fari, gane cuta da ƙwari. A shekarar 2016 wata baƙuwar tsutsa mai cin zuciyar masara ta bayyana a Nijeriya, asalinta kuwa daga nahiyar Amurka ne. A cikin wannan shekara kuma ƙwaron tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ya yi ɓarna ƙwarai, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a kudancin jihar. A kowane cikin waɗannan, wanda ya gane abin da wuri ya fi samun damar ceton wani abu. Mu kuwa mun yi sa'a, ga Samaru nan kusa da mu, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR take, da kuma Cibiyar Faɗakar da Manoma ta NAERLS, duka biyu a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Amma malaman gona ba su da yawan da za su taka kowace gona. Hoto mai kyau yana iya isa hannun malami a cikin minti ɗaya, ganye kuwa da aka tsinko aka sa a aljihu, kafin a kai shi ya yanƙwane.

Na biyu, shaida. Idan ambaliya ko ƙanƙara ko gobara ta ci gona, ko dabbobi suka yi ɓarna, hoton da aka ɗauka a ranar, mai ɗauke da kwanan wata, yana taimakon mai magana a gaban mai unguwa, ko banki, ko kamfanin inshora. Hoto ba ya maye gurbin kai rahoto da wuri, amma yana ƙarfafa shi.

Na uku, koyo. Idan muka shuka irin masara biyu gab da juna a gonar gwaji, muka riƙa ɗaukar hoto kowane mako daga wuri ɗaya, to, da rani muna iya zama mu duba bambancinsu a tsanake, har waɗanda ba su sami zuwa gonar ba su gani.

Na huɗu, kasuwa da amana. Mai saye da ke Kano ko Kaduna yakan so ya ga waken soya kafin ya turo mota. Haka kuma ɗaukar hoton rasit, da shafukan littafin ma'aji, da buhunan takin da aka sauke, yana kashe gardama tun ba ta taso ba.

DAGA FIM ZUWA DIJITAL

Tudun Wada ba baƙuwa ba ce ga aikin ɗab'i da hoto. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan Tudun Wada kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Dattawanmu sun tuna zamanin fim: a sayi naɗi mai ɗaukar hoto 24 ko 36, a ɗauka ba tare da an ga abin da aka ɗauka ba, a kai wa mai wanki, a jira kwanaki. Wani lokaci rabin hotunan su ƙone.

Kyamarar dijital ba ta aiki da fim. Wani injiniya mai suna Steven Sasson ne ya haɗa ta farko a kamfanin Kodak na Amurka a 1975. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, takan kuma ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya, baƙi da fari, a kan kaset. Ga yadda ta yau take aiki: haske yana shiga ta gilashin da ke gaba, watau idon kyamara, ya faɗa a kan wani ɗan faifai da ake kira sansa. Wannan faifai cike yake da ƙananan ɗigo-ɗigo masu auna haske. Na'urar sai ta mai da abin da suka auna zuwa lambobi, ta ajiye a cikin memori. Ana ganin hoton nan take. Wanda bai yi kyau ba a share shi, ba a yi hasarar ko kwabo ba.

Daga baya wayar hannu ta zo da tata kyamarar, ta ƙwace kasuwa. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121. Zuwa 2023 adadin ya faɗi ƙasa da miliyan 10. Kodak ɗin kansa ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, domin ya nuna mana dalilin da ya sa ƙananan kyamarori sababbi suka yi wuya a kasuwa, masu gyaransu kuma suka ragu.

IRI UKU DA ZA MU TARAR

1. Waya mai kyamara. Ita ce ta fi yawa. Irinsu Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duka na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, da Samsung da Redmi, ana samunsu a Sabon Gari da PZ da nan Tudun Wada. Amfaninta: tana ɗaukar hoto, tana aika shi nan take, tana rubuta rana da lokaci, har da wurin da aka ɗauka idan an kunna mata. Masu gyara da kayan gyara suna ko'ina. Rauninta: ba ta iya jawo abu mai nisa sosai, kuma jarabar amfani da ita don hira da kallo tana da yawa.

2. Ƙaramar kyamara ta aljihu, irinsu Canon PowerShot, Nikon Coolpix da Sony Cyber-shot. Amfaninta: idonta yana fitowa ya jawo nesa kusa ba tare da hoton ya lalace ba, yawancinsu kuma suna da maɓallin ɗaukar ƙaramin abu daga kusa, mai alamar fure. Ba wanda zai ƙarar da batirinta wajen kira. Rauninta: yawancin masu araha na hannu ne, sun tsufa, batirinsu yana wuyar samu, kuma sai an zare memori an sa a wata na'ura kafin a aika da hoto.

3. Babbar kyamara wadda ake cire mata ido a sa wani, irin ta masu ɗaukar hoton biki. Hotonta ya fi kowanne kyau, amma tana da tsada, tana son gwani, ƙura kuma tana shiga cikinta duk lokacin da aka cire idon. Sai dai idan ƙungiya ta yi niyyar buɗe sana'ar hoto, wannan ba tamu ba ce.

Ga shawararmu a fili: ga yawancin ƙungiyoyi, waya mai matsakaicin kuɗi, sabuwa, mai garanti, ta fi kyamarar aljihu ta hannu amfani. Dalili kuwa, hoton cuta da ya kwana uku a cikin kyamara ba a aika ba, bai ceci gona ba. Amma idan a ƙungiya akwai riga masu wayoyin da za a iya aikawa da su, kuma ana bukatar jawo abu daga nesa, kamar tsuntsaye a gonar dawa ko iyakar fadama a hayin rafi, to, kyamarar aljihu tana da wurinta.

KADA LAMBA TA RUƊE MU

Abu na farko da mai shago zai faɗa mana shi ne yawan megafiksel. Zai ce wannan 50 ce, waccan 108. Megafiksel ɗaya ma'anarsa ɗigo miliyan ɗaya ne a cikin hoto. Bari mu yi lissafi mu ga nawa muke bukata.

Domin hoto ya fito tas a takarda, akan so ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da aka saba wankewa, mai inci 4 da inci 6, yana bukatar ɗigo 1,200 sau 1,800, watau 2,160,000. Megafiksel biyu ke nan da ɗan ɗoriya. Hoton da zai cika farar takardar ofis, wadda ake kira A4, bai kai megafiksel 9 ba. Ashe kyamara mai megafiksel 12 ta ishe mu har da saura.

Abin da ya fi yawan ɗigo muhimmanci shi ne girman sansa da kyan gilashin ido. Ku ɗauki misalin kunya guda a gona. Idan aka cusa mata iri fiye da kima, tsiron zai yi yawa, amma kowanne siriri, ba ƙarfi. Haka yake idan aka cusa ɗigo masu yawa a kan ƙaramin faifai: kowane ɗigo haske kaɗan yake samu. Shi ya sa yawancin wayoyin da aka rubuta musu 48 ko 50 sukan haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya, hoton da suke fitarwa kullum ya zama na 12 ko kusa da haka.

Mu kuma yi hankali da wasu ƙananan kyamarori marasa sanannen suna, masu sauƙi kamar kwalin ashana, waɗanda aka rubuta musu manyan lambobi a jikin kwali. Da yawansu ƙaramin hoto suke ɗauka su buɗa shi, kamar a ƙara wa kunu ruwa. Araha ba ta ado. Haka nan yawan idanu a bayan waya ba shi ne kyan hoto ba. Sau da yawa ido ɗaya ne yake yin ainihin aikin.

ABUBUWA SHIDA DA ZA MU DUBA

1. Ɗaukar abu daga kusa. Wannan shi ne na ɗaya ga manomi. Tsutsar masarar nan da muka ambata ana gane ta da alamu biyu: wani zane a goshinta mai kama da harafin Y a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar murabba'i kusa da wutsiyarta. Kyamarar da ba za ta nuna waɗannan ba, malamin gona ba zai iya bambanta wannan tsutsa da sauran masu huda kara ba, maganinsu da lokacin sa shi kuwa ba lalle su zama ɗaya ba. Lalle kyamarar ta zama mai daidaita ganinta da kanta. Wasu wayoyi mafi araha ba su da wannan, duk abin da ya matso kusa sai ya fito dishi-dishi.

2. Gaskiyar launi. Masarar da ta rasa sinadarin naitirojin, ganyayenta na ƙasa sukan yi rawaya daga tsini, rawayar ta bi tsakiyar ganye. Wadda ta rasa fotash, gefen ganyen ne yake ƙonewa. Ƙaramar masarar da ta rasa fosfaras kuwa takan yi shunayya. Wasu wayoyi suna ƙara wa launi armashi don hoto ya burge, har ganye marar lafiya ya fito kore shar. A ɗauki hoto a gwada shi da abin da ido yake gani.

3. Jawo nesa kusa, watau zum. Iri biyu ne. Akwai na gilashi, inda idon yake motsawa da gaske, hoton kuma ba ya raguwa. Akwai na dijital, wanda yankan tsakiyar hoto ne kawai a buɗa shi. Na farkon ne abin biya wa kuɗi. Na biyun kuwa, gara mutum ya taka da ƙafarsa ya matsa kusa.

4. Batir. Dukanmu mun san halin wutar lantarki, balle a ƙauye. Waya mai batir 5,000 a ma'aunin mAh takan wuni tana aiki. Idan kyamarar aljihu ce, a tambaya ko ana samun irin batirinta a Zariya ko Kano kafin a biya. Wadda take aiki da batir irin na ƙaramar rediyo, mai alamar AA, tana da sauƙin sha'ani, musamman idan aka sayi waɗanda ake yi wa caji.

5. Wurin ajiya. Idan hoto ɗaya ya ci megabait 4, memori mai gigabait 32 zai ɗauki hotuna wajen 8,000. Ya isa. Amma a lura: tsofaffin kyamarori da aka ƙera kafin 2006 da yawansu ba sa karɓar katin SD da ya wuce gigabait 2. Waɗansu tsofaffin Sony da Olympus da Fujifilm kuma suna da nasu irin katin dabam, wanda samunsa yanzu sai an sha wuya. Akwai kuma memorin jabu, wanda aka rubuta masa babban adadi alhali cikinsa kaɗan ne. Yana cika, sai hotuna su fara ɓacewa ba a sani ba.

6. Ganin fuska a rana. A gona za a yi aikin, ba a ɗaki ba. A fita da ita waje da tsakar rana a ga ko ana iya ganin abin da ke fuskarta.

SABUWA KO TA HANNU?

Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, farashi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Saboda haka ba za mu rubuta farashi a nan ba. A tambaya a shago uku aƙalla a cikin mako guda, a rubuta, a kawo wa taro. Wanda yake da hanyar Kano yana iya tambaya a kasuwar waya ta Farm Centre domin ya gwada.

Sabuwa tana da garanti, yawanci na shekara ɗaya. Ta hannu tana da sauƙin kuɗi, amma ba a san irin wahalar da ta sha ba. Ko wacce za a saya, kada a yi cinikin biri a sama. Kada a tura wa kowa kuɗi saboda hoton kaya da aka gani a Facebook ko WhatsApp. Mutum biyu su tafi, ɗaya daga cikin shugabanni, ɗaya kuma matashi ko matashiya da ta san na'ura. Su tafi da ƙwayar masara ko wake wadda ƙwaro ya huda, da ɗanyen ganye, da takarda mai ƙananan rubutu. Sa'an nan su yi wannan gwaji:

(a) A ɗauki hoton ƙwayar daga nisan taƙi ɗaya. A buɗa hoton. Ana ganin ramin ƙwaron sosai?

(b) A ɗauki hoton takardar. Ana iya karanta rubutun har kusurwoyi huɗu?

(c) A ɗauki hoton farin bango ko sararin sama. Idan wani tabo ya fito a wuri ɗaya cikin kowane hoto, akwai ƙura ko lahani a ciki.

(d) A haska idon kyamarar da tocila. Idan an ga ƙarzuwa, ko wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, a bar ta. Wannan fumfuna ce da laima ta haifar.

(e) Idan ta aljihu ce, a kunna a kashe sau goma. Idon ya fita ya koma ba tare da ƙara ko sarƙewa ba.

(f) A duba batir. Wanda ya kumbura haɗari ne, yana iya kama wuta.

(g) Idan waya ce, a danna *#06#. Lambar IMEI za ta fito. A gwada ta da wadda ke jikin kwali. A tabbata mai ita na dā ya cire asusunsa da lambar sirrinsa.

(h) A karɓi rasit mai sunan shago, da kwanan wata, da lambar na'urar, da sunan ƙungiya. Wayar da ba ta da rasit, mai araha fiye da kima, tana iya zama ta sata, mai sayenta kuwa shi zai amsa tambaya a ofishin 'yan sanda.

LISSAFIN KUƊI

Kuskuren da ƙungiyoyi sukan yi shi ne su zuba dukan kuɗin a kan na'urar kanta. Wanda ya sayi jaki, sai ya tanadi akumari da igiya da harawa. Shawararmu ita ce, a cikin kowace naira 100 da aka ware, kada na'urar ta ci fiye da 70. Naira 20 ta tafi ga riga mai kauri, da gilashin kare fuska, da memori, da abin ajiye caji ko ƙaramar sola. Naira 10 ta zauna a hannun ma'aji domin gyara. Bayan wannan a sa kuɗin data na kowane wata a cikin kasafi, musamman watannin damina.

Kada a ci bashi mai ruwa domin kyamara, kada kuma a taɓa kuɗin taki ko na iri. Lokacin saye mafi kyau shi ne bayan an sayar da amfanin gona, domin a sami watannin rani a koyi aiki da ita kafin ruwa ya sauka a watan Mayu. Idan kuɗin bai kai na mai kyau ba, gara a dakata. Ana iya yin yarjejeniya da ɗan ƙungiya mai waya mai kyau, a riƙa biyansa kuɗin data da caji har shekara ta zagayo. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

WA ZAI RIƘE TA?

Kayan kowa, ba mai kula da shi. Tun kafin a saya, taro ya zartar da dokoki, magatakarda ya rubuta su a littafi:

1. A zaɓi mai riƙo ɗaya da mataimaki. Ya kyautu ɗayansu ya zama mace, gama akwai gidaje da ayyukan mata, kamar kiwon kaji da sarrafa gyaɗa, inda mace ce za ta shiga a sake da ita.

2. Duk wanda ya karɓa ya sa hannu, da ranar karɓa da ranar mayarwa.

3. A faɗi a fili ko an yarda a ba da aronta domin biki da suna, da abin da za a biya, da wanda zai ɗauki nauyi idan ta ɓace ko ta fashe.

4. Layin waya da asusun da aka buɗe su zama domin aikin ƙungiya. Mutum biyu su san lambar sirri, don kada tafiyar mutum ɗaya ta rufe wa kowa ƙofa.

5. Kowane ƙarshen wata a kwafe hotuna zuwa wuri na biyu. Ba a tara dukan hatsi a rumbu ɗaya.

Game da kulawa, abokan gāban kyamara a ƙasarmu uku ne: ƙurar hunturu, laimar damina, da zafin bazara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a riƙa ajiye ta cikin jaka mai rufi. A hure ƙura tukuna kafin a goge ido da tattausan ƙyalle, gama gogewa da bakin riga yana ƙarje gilashi. Da damina a tafi gona da leda a aljihu, amma kada a bar ta kwana a cikin leda da laima. Kada a bar ta a rana ko a ƙarƙashin sirdin babur. Kada kuma a taɓa ta da hannun da ya taɓa taki ko maganin feshi.

YADDA AKE ƊAUKAR HOTON DA ZAI YI AMFANI

Kyamara mai tsada a hannun wanda bai koya ba, ba ta kai mai araha a hannun wanda ya iya ba. Idan za a aika wa malamin gona, a ɗauki hoto uku: na gonar gaba ɗaya, domin a ga yadda cutar ta bazu, na shuka ɗaya daga ƙasa har sama, da na wurin da ya kamu daga kusa, sama da ƙarƙashin ganye. A ajiye ashana ko biro a gefe domin a gane girman abin. A ɗauka da safe ko da la'asar, rana tana bayan mai ɗauka. A riƙe da hannu biyu, a taɓa wurin da ake so a fuskar wayar har ya fito sarai, sa'an nan a danna.

Tare da hoton a rubuta sunan iri, da ranar shuka, da takin da aka sa, da maganin da aka fesa, da ranar da aka fara ganin alamar. A sani kuma WhatsApp yakan rage ƙarfin hoto idan an aika shi yadda aka saba. Idan ana so ƙananan alamu su fito, a aika shi a matsayin takarda, watau dokumen.

Akwai manhajojin waya irinsu Plantix da Nuru waɗanda suke duban hoton ganye su faɗi cutar da suke zato. Suna da taimako, amma sukan yi kuskure. Kada a sayi magani a kan maganarsu kaɗai, sai malamin gona ya tabbatar.

MUTUNCIN MUTANE

Ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa. Matar aure a cikin gida, da yaran mutane, da marar lafiya, sai an nemi yardar su da ta masu gidan, a kuma faɗa musu inda hoton zai je. Kada a ɗauki hoton barikin soja ko shingen jami'an tsaro. A wannan zamani na rashin tsaro, kada a baza hoton rumbu cike, ko garken shanu, ko ranar rabon kuɗi a dandalin da kowa yake gani, balle hoto mai nuna wurin da aka ɗauke shi. Idan kuma rikicin ɓarnar gona ya taso, a kai hoton wurin masu sulhu. Kada a watsa shi domin a hura wuta tsakanin maƙwabta.

A TAƘAICE

Kafin a je kasuwa, taro ya amsa tambayoyi uku: wane aiki za ta yi mana, nawa za mu iya kashewa ba tare da mun taɓa kuɗin noma ba, wa kuma zai riƙe ta? Idan an amsa waɗannan, a nemi wadda take ganin ƙaramin abu daga kusa, mai faɗin gaskiyar launi, mai batirin da zai wuni, wadda kuma ake iya gyarawa a Zariya. A gwada ta a gaban mai shago, a karɓi rasit.

Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya karanta wannan bayani a taro na gaba, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su sa baki kafin a fitar da kuɗi. Ƙungiyar da ta riga ta saya kuma, ta rubuto mana yadda ta kaya, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka.